Yadda ake cire tsohon shingen gida a kafa sabo wanda zai daɗe

Duk wanda ya zo mini da maganar sauya shinge ko katangar gidansa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: katako zan sa, ko ƙarfe, ko bulo? Ni kuma sai in ce masa mu je mu ga gindin tsohon tukuna. Shinge daga ƙasa yake mutuwa. Na ga dirkokin katako masu kauri da suka ruɓe cikin 'yan shekaru, na ga katangar da ta sha filasta da fenti ta kwanta a damina ta biyu. Dukansu kuɗin ya tafi a abin da ido yake gani, an tsuke hannu a abin da ƙasa ta rufe.

Fara da gano abin da ya kashe tsohon

Kafin a ɗaga guduma, ɗauki shebur da sukundireba ka bi shingen daga wannan kusurwa zuwa waccan. A gindin kowace dirka tona kamar taƙi ɗaya, ka soka sukundireban daidai inda itacen ya haɗu da ƙasa. In ya shige kamar ka soki soso, ruwa ne ya ci wurin. In ka ga siraran hanyoyin ƙasa sun hau jikin itacen, ciki kuma ya zama holoƙo, gara ce. Dirkar ƙarfe ma a wannan wuyan take tsatsa ta karye, saboda nan ne danshi da iska suke haɗuwa.

Katanga kuwa tsagarta ce take ba da labari. Tsagar da ta hau kamar matakala tana bin layin bulo, tushe ne ya zauna a gefe guda. Tsagar da ta miƙe sak daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar doguwar katanga, yawanci ba a bar wa ginin wurin motsi ba ne. In gaba ɗayanta ta karkata, duba ko ƙasar gefe ɗaya ta fi ta ɗaya gefen tudu, ko akwai bishiya kusa da saiwarta ke turi. Farin garin nan da ke fitowa a gindi yana marmashe filasta, gishirin ƙasa ne da danshi ke jawowa sama. In da hali, fita ana tsakiyar ruwan sama ka ga inda ruwa ke taruwa da inda yake neman hanya. Abin da ka gani ranar nan shi zai gaya maka irin kayan da za ka saya.

Iyaka, maƙwabci da abin da ke binne

Kada ka ɗauka tsohon shingen yana kan iyaka daidai. Sau da yawa wanda ya kafa shi ya kauce wa dutse ko bishiya ne, shekaru suka tafi, kowa ya manta. Nemo takardun fili da alamun iyaka, in sun ɓace a kira safiyo, wato mai awon fili. Ladansa ba ya kai kuɗin rushe sabuwar katanga. Ka tuna kuma tushe ya fi katanga faɗi, don haka shi ma dole ya tsaya cikin filinka. Yi wa maƙwabci magana tun kafin ranar aiki, musamman in shingen na tsakaninku ne. Ku yarda a kan tsayi da wanda zai biya me, a rubuta.

Dokar tsayi ta bambanta daga wuri zuwa wuri, sai ka tambayi hukumar tsara gine-gine ta inda kake. A Ingila, misali, shingen da ya wuce mita 2, ko mita 1 in yana bakin titin mota, sai da izini. Sannan bututun ruwa da wayar lantarki da ke ƙarƙashin ƙasa: a Amurka akwai lamba 811 da ake kira kafin a haƙa, a zo a sa alama. Inda babu irin wannan tsari, bi layin mitar lantarki da na famfo da idonka, ka haƙa wurin da hannu a hankali.

Rushewa

Kada ka rushe komai sai sabbin kaya sun iso, in ba haka ba gida zai kwana a buɗe mako da makonni. A cire sashe-sashe. Katanga daga sama ake sauke ta, layi bayan layi. Masu gaggawa sukan sare gindi su tura ta faɗi. Katanga ba ta zaɓar gefen da aka nufa, kuma bulo mai faɗowa yana kisa. A kawar da yara daga wurin gaba ɗaya.

Abu uku a kula da su. Tsohon katakon da launinsa ya yi kore-kore mai yiwuwa an jiƙa shi da maganin da ke ɗauke da sinadarin asenik, kada a ƙone shi, kada a yi girki da shi, hayaƙin da tokar duk guba ne. Tsofaffin falankin asbestos kada a fasa su ko a yanka, ƙurarsu tana lalata huhu. Aikin ƙwararru ne. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma mai guba, wadda a Amurka sai a 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje, don haka kada a goge shi a bushe.

Tsohon kankaren da ke gindin dirkoki a fitar da shi duka: tona gefe ɗaya, ɗaura sarƙa, sa dogon ƙarfe a kan guntun katako ka danna. Tsohon tushen katanga kuwa, ni na daina amincewa da shi. Na taɓa ɗora sabon gini a kan tsohon tushe saboda wanda ya yi mini aikin ya ce lafiyarsa ƙalau, zai rage mana siminti da kwanaki. Bayan damina ɗaya tsaga ta dawo daidai inda tsohuwar take. Da muka tona, kaurin kankaren bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma a kan ƙasar ciko aka zuba shi. Aikin da aka yi sau biyu ke nan.

Zaɓin kaya

Bulo shi ne na sirri da tsaro da rage ƙarar titi, shi ne kuma mafi nauyi, wanda ba ya yafe mugun tushe. Katangar da za ta kai mita 1.8 ko fiye, ni bulo mai inci 9 nake sawa. Mai inci 6 sai ga gajeriya, ko inda ginshiƙai suka yi kusa da juna. Gwada bulon kafin ka saya: goga shi da babban yatsa, in yashi na zuba, bar shi komai arharsa.

Katako yana da kyan gani da sauƙin gyara, amma inda gara take, ko ƙasa mai riƙe ruwa, ban yarda a binne shi ba. In kana son fuskar katako, yi dirkokin da ƙarfe ko kankare, ka ɗaura allunan a jiki, su tashi daga ƙasa kamar santimita 5. In dole sai dirkar katako, nemi wanda aka dura wa magani da matsin inji, wanda aka yi don shiga ƙasa. Shafa magani da buroshi iyakarsa fata. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana gurɓata ƙasa, kuma ba ya hana gara daɗewa. Ƙusoshi da sukurori su zama masu rufin zinki ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin maganin katako mai tagulla yana cin ƙusa ta yau da kullum.

Ƙarfe yana da ƙarfi, iska na wucewa ta cikinsa, sai dai ba ya rufe gida daga ido. Wanda aka tsoma cikin zinki ya fi wanda aka fesa wa fenti kawai nesa ba kusa ba, musamman kusa da teku. Ragar waya ita ce mafi arha ga fili mai faɗi. Kwano kuwa yana tare iska kamar tanti, don haka dirkokinsa sai sun fi na kowa zurfi da kusanci. Shingen roba ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, amma mai arha yana bushewa a rana ya riƙa karyewa, yana kuma miƙewa da zafi, sai an bar masa sarari a mahaɗa.

In kuɗi ya yi kaɗan, rage ado, rage tsayi, ko ka yi gefe biyu bana gefe biyu baɗi. Rodi da siminti da zurfin rami ba a taɓa su.

Awo, rami da tushe

Nan ne aikin yake. Kafa turaku a kusurwoyi ka ja igiya ta yi tsam. Don kusurwa ta fita daidai, auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen. In tsakanin alamun biyu ya ba ka mita 5, kusurwar ta daidaita. Don daidaita tsayi a doguwar tazara, siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya wadatar, ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Fara sa alamar ƙofa, sannan ka raba sauran tazarar daidai, kada ka ƙare da guntun sashe a kusurwa.

Ga dirka, abin da na riƙe shi ne zurfin rami ya kai kashi ɗaya cikin uku na tsayin da zai fito sama. Shinge mai mita 1.8 yana son dirka mai mita 2.4, santimita 60 a cikin ƙasa, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci. A ƙasa mai yashi ko wuri mai iska a ƙara. Faɗin ramin ya ninka kaurin dirkar sau uku. Tazara tsakanin dirkoki kada ta wuce mita 2.4. A ƙasashe masu tsananin sanyi dole ramin ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa, in ba haka ba ƙanƙara za ta riƙa ɗago dirkar kowace shekara.

Kuskuren da na fi gani shi ne siffar ramin. Mai haƙa yakan bar baki da faɗi, gindi a tsuke, kamar mazurari. Irin wannan kankare ƙasa na iya turo shi sama, iska na iya girgiza shi. Bangon rami ya sauka a miƙe, in ma da hali gindin ya ɗan fi baki faɗi. Kuskure na biyu ya fi wannan ɓarna: a zuba kankare a ƙasan rami, a dasa dirka a ciki, a rufe. An yi wa dirkar kofi ke nan, duk ruwan da ya gangaro jikinta a nan zai kwanta. Zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a gindi, daddage ta, dirka ta zauna a kan tsakuwar, sannan kankare ya kewaye ta ta gefe. Saman kankaren ya ɗan fito sama da ƙasa, a shafe shi da gangare kamar bayan ƙwarya, ruwa ya riƙa gudu daga jikin dirkar. Mutane sukan binne shi da ƙasa don kyan gani, ƙasar kuwa ita ke riƙe danshi a wuyan dirka.

Haɗin kankare: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da mazubi ɗaya ake auna duka. Ruwa kaɗan-kaɗan. Leburori suna son sa ruwa da yawa don ya yi saurin zuba, kuma kowane bokitin da aka ƙara ƙarfi yake ragewa. A soka shi da rodi iska ta fita. Duba tsayuwar kowace dirka da lebul, wato ma'aunin daidaito na magina, ta fuska biyu, ka tokare ta da katako. Fara da na kusurwa, ka ja igiya tsakaninsu, sauran su bi.

Ga katangar bulo, a haƙa har a wuce baƙar ƙasar sama da duk wani ciko, a taras da ƙasa mai tauri. Faɗin tushe ya ninka kaurin katanga sau uku, kaurin kankarensa kada ya gaza santimita 15, ni na fi son 22. Ginshiƙi mai rodi kusan kowace mita 3, rodin kuma daga cikin tushe zai taso, ba a dasa shi daga baya. Kusan kowace mita 6 a bar siririyar tsaga daga sama har ƙasa don ginin ya samu wurin motsi. A layin bulo na farko da ke saman ƙasa a bar ƙananan kafofi inda ka ga ruwa na taruwa. Katangar da ta tare hanyar ruwa ta zama madatsa, kuma ba a gina ta don haka ba. In ƙasarka yumɓu ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ko katangar za ta riƙe tudun ƙasa a bayanta, nemo injiniya. Wannan ya wuce aikin ƙiyasi.

Sai haƙuri. Kankare yana kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi a kwana 28. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Kada a rataya komai a jikin dirka kafin kwana 3.

Sauran aikin

Daga nan abin mai sauƙi ne. A katako, sanduna uku na kwance ga shinge mai mita 1.8, duk inda aka yanka a shafa magani. A ƙarfe, a goge kowace mahaɗar walda a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, a toshe bakin kowane bututu ta sama. Mai walda ya yi aikin ƙarfe mai zinki a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Ragar waya a tokare dirkokin kusurwa kafin a ja ta. Bulo kada a hau fiye da mita ɗaya da 'yan kai a yini, a rufe saman katangar da hular kankare mai ɗan baki a waje, a bar filasta ta bushe sosai kafin fenti.

Dirkokin ƙofa su fi sauran kauri da zurfi, su kuma samu mako guda cur kafin a rataya ƙyaure. In ƙyauren katako ne, sandar tokare ta tashi daga ƙasa ta gefen hinji ta hau zuwa sama ta gefen sakata. In aka juya ta, ƙyauren zai sunkuya ya fara jan ƙasa. Bayan ruwan sama na farko, sake zagaya shingen, ka cike duk inda ƙasa ta lotsa a gindi, ka buɗe kafofin ruwan da suka toshe.