Darasi na 7: Zafin iska da juyin farfela a ƙaramin jirgi

Iska mai zafi tana buɗewa, ta yi shara-shara. Injin ƙaramin jirgi kuwa iska yake shaƙa ya haɗa da mai ya ƙona. Idan abin da ya shaƙa ba shi da kauri, ƙarfinsa zai ragu, ko da matuƙi ya tura totur har ƙarshe.

Ga lissafin a nan Damagaram. Filin jirgin Zinder yana kan tudu kusan ƙafa 1,500 sama da teku. A ma'aunin da matuƙa ke aiki da shi, zafi digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa digiri 2 duk ƙafa 1,000. Kenan filinmu ya kamata ya kasance digiri 12. Da azahar a watan Afrilu ko Mayu kuwa sai ya kai 42. Bambancin 30 ne. Kowane digiri ɗaya na ƙari daidai yake da hawa ƙafa 120, wato ƙafa 3,600. A haɗa da 1,500, jirgin yana ƙasa amma injin yana ji kamar yana ƙafa 5,100. Injin da ba shi da turbo (na'urar da ke matsa ƙarin iska cikin inji) yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000, don haka kashi 15 na ƙarfinsa ya tafi tun kafin taya ta motsa.

Abin da ke yaudarar sabon matuƙi shi ne agogon juyi. A jirgi irin Cessna 172 mai farfela kafaffiya (wadda ba a sauya karkatar ruwanta), idan aka taka birki aka cika wuta, allura tana tsayawa wajen juyi 2,300 zuwa 2,400 a minti, gwargwadon samfurin. Ranar zafi ba ta sauka sosai ba. Dalili kuwa, iskar da ta raunana injin ita ce ta sauƙaƙa wa farfela yanka, sai ragin biyu ya kusan cinye juna. Juyi yana nan, amma iskar da farfela ke turawa baya ta yi ƙaranci, fukafukai ma sai da ƙarin gudu za su ɗauka. Jirgin da farfelarsa ke daidaita juyi da kanta ya fi ɓoye matsalar, domin allurarsa ba ta motsi sam. Kada a amince da agogon nan shi kaɗai. A buɗe jadawalin tashi na littafin jirgin, a rage kaya, ko a tashi da sassafe.

Mai ma yakan yi wa iskar yawa. Alamarsa gurnani mara daɗi da buji masu baƙi. Idan lissafi ya wuce ƙafa 3,000, a cika wuta a tsaye, a ja jar sandar mai a hankali har juyi ya kai ƙololuwa, kamar yadda littafin jirgin ya tsara.

Sandar ɗumama karbirato tana nuna wannan darasi ƙarara: da an ja ta, iska mai zafi ta shiga, juyi ya ɗan sauka. Idan gwaji ake a ƙasa, a mayar da ita nan da nan, musamman da hunturu, saboda iskar ba ta bi ta matata ba, ƙura ce za ta shiga injin.

Aikin gida: da safiyar Janairu zafi digiri 16 ne. Ƙafa nawa injin zai ji?