Yadda ake kafa rumfar girki mai rufin tol a tsakar gida

A Tahoua abu biyu ke lalata rumfar girki: iskar farkon damina da ke ɗauke rufi, da hayaƙin da ya rasa mafita ya koma idon mai tuƙa tuwo. Duka biyun tun wajen zaɓen wuri ake maganinsu. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka gajeren ɓangaren rumfa, wato inda rufi ya fi yin ƙasa, shi zai fuskanci gabas, dogon ya kalli yamma. Iska sai ta bi ta saman tol ta wuce maimakon ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi.

Mita 3 da mita 4 ya ishi murhu biyu da turmi da wurin zama. Ka kafa turaku huɗu ka ja igiya, sannan ka auna daga wata kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace. In ka samu mita 5 cif ta kowane gefe, kusurwoyin sun daidaita. In ba haka ba, ka gyara tun yanzu, don tol ba ya hawa daidai kan karkataccen gini.

Ginshiƙai shida ake so, uku gabas uku yamma. Bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6 ya fi, domin gara ba ta cin sa. Na gabas mita 3, na yamma mita 3 da santimita 40, kowanne santimita 60 nasa zai shiga ƙasa. Ka sa mai walda ya liƙa guntun rodi a gicciye a gindin kowane ɗaya, shi ke riƙe shi cikin kankare ranar da iska ta ja rufin sama. Mai son itace ya nemi azarar giginya, ya shafe gindin da baƙin mai.

Kowane rami faɗin santimita 40, zurfin 60. Kwaɓin: buhun siminti ɗaya, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa, buhu huɗu ya ishi ramukan shida. Ka tsayar da ginshiƙi da ma'aunin magina, ka tokare shi da sanduna kafin ka zuba. Daga nan sai haƙuri. Ban ruwa safe da yamma har mako guda, musamman a bazara da zafi ke wuce digiri 40, don kankaren da ya bushe da gaggawa marmashewa yake yi. Nan ne mutane da yawa ke cutar kansu, su ɗora rufi washegari.

A sama, ƙarfe biyu a kwance su haɗa kowane jeri, uku su gitta daga yamma zuwa gabas, sai siraran da tol zai kwanta a kai, tsakaninsu kada ya wuce santimita 90. A shafa musu fentin hana tsatsa.

Tol mai tsawon mita 2, falle 12 zuwa 14, gwargwadon faɗinsa. Daga ƙasa ake farawa, jerin sama ya hau na ƙasa da santimita 20, rufin kuma ya zarce ginshiƙai da kamar 30 ta kowane gefe. A ɗaure da ƙugiya mai roba a kan tudun tol; wanda ya huda cikin kwarin ya buɗe wa ruwa hanya. Gefen rufi da kusurwoyi a ƙara musu ƙugiya, daga nan iska ke fara ɓamɓarewa.

Ta gabas da arewa a ja ƴar katanga mai tsayin mita 1 da santimita 20, ta tare feshin ruwa da ƙurar hunturu, sauran a bar shi buɗe. Murhun itace ya zauna kusa da dogon ɓangaren, hayaƙi ya bi gangaren rufi ya fice. Zana a ƙarƙashin tol tana rage zafi sosai, amma a wurin zama kawai. Bisa murhu kam a'a, tartsatsi ɗaya ya isa. Tukunyar gas kuma ta samu inuwa nesa da wutar itace.

A ɗaga daɓen da santimita 15 sama da tsakar gida. Inda ruwan rufi ke zuba a shimfiɗa tsakuwa ko a sa indararo zuwa randa, kada ya riƙa cin gindin katangar ƙasa, taka ko ta maƙwabci.