Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Ƙwallon Amurka a Ƙaramar Kwaleji

Ɗalibin da ke son shigo da ƙwallon Amurka, wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu ana kuma jefa ta, makarantarsu a Zariya ba sai ya jira filin zamani ko kayan miliyoyi ba, domin wasan kansa a hannun ɗalibai ya fara. A ranar 6 ga Nuwamba, 1869, kwalejojin Rutgers da Princeton suka buga karawar farko a jihar New Jersey, mutum 25 a kowane ɓangare, babu hular kwano, babu koci, Rutgers ta ci 6 da 4.

Abu na farko shi ne a rubuta dokoki, kowa ya amince da su tun kafin a shiga fili. Waɗancan ɗaliban sun buga wasan farko bisa dokokin Rutgers, bayan mako guda suka sake karawa bisa na Princeton, ita kuma ta ci 8 da nema. Sai a 1880 Walter Camp na jami'ar Yale ya sa aka tsayar da 'yan wasa 11, aka kuma kafa layin da ɓangarorin biyu ke fuskantar juna kafin a saki ƙwallo.

Na biyu, kuma a nan nake ganin bai kamata a yi gardama ba, a fara da nau'in da ba a kayar da kowa, wato na zare ƙyalle. Asalin wasan na turereniya ne da kayarwa, ya kuma jawo asarar rayuka har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton a 1905, daga bisani a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba don a rage cunkoso. Wanda ya taɓa faɗuwa a filin Samaru lokacin hunturu, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙamas, ya san abin da kayarwa ba tare da kayan kariya ba za ta haifar. A nau'in zare ƙyalle, kowane ɗan wasa yana ɗaura ɗamara mai ƙyallaye biyu a kwankwaso, kuma da zarar abokin hamayya ya fizge ɗaya daga mai riƙe da ƙwallo, wasa ya tsaya a wurin. Yadi kaɗan daga kasuwar Sabon Gari ya isa tela ya ɗinka su, sai dai a gargaɗe shi ya sa maƙali mai saurin ɓallewa, kada fizga ta ja mutum ƙasa.

Ana buga wannan nau'i da mutum biyar-biyar, a fili mai tsawon yadi 70 da faɗin yadi 25, wanda za a iya shatawa da toka a gefen filin ƙwallon makaranta. Ƙungiya tana da dama huɗu ta kai tsakiyar fili, da wasu huɗu ta kai ƙarshe, inda take samun maki 6. Shi ne kuma nau'in da za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.

Daga nan sai a nemi izinin malamin wasanni a rubuce, a zaɓi kyaftin, a sa atisaye bayan la'asar, a ba jifa da cafewa kaso mafi tsoka, saboda ƙwallon mai tsini biyu ce, hannun da bai saba da ita ba yakan sha wuya. Kada ƙarancin ɗalibai ya hana neman karawa da manyan makarantu: a 1921 ƙaramar kwalejin Centre ta jihar Kentucky ta bi Harvard har gida ta doke ta 6 da nema. Amma karawar farko a yi ta tsakanin ajujuwa, da alƙalin wasan da ya karanta dokokin tare da kyaftin-kyaftin ɗin.