Yadda na gyara rinin Gram da ke ba ni launin da ba shi ba

Kwana uku ina rina ƙwayoyin bakteriya na Staphylococcus aureus da rinin Gram, wato rinin da ke bambanta bakteriya ta launi, kullum sai su fito ruwan hoda a madubin ƙara girma, alhali shunayya ya kamata su zama. Na zargi kwalbar rinin, na canja ta, shiru.

Ashe matsala biyu ce. Ina barin alkohol ɗin da ake wanke rini da shi ya daɗe a kan gilashin da na shafa ƙwayoyin, har ya wanke rinin farko, mai launin shunayya, daga bangon ƙwayar duk da kaurinsa, sai rini na biyu mai ruwan hoda ya kama ta. Kuma ƙwayoyin sun kwana biyu a farantin da ake shuka su, tsofaffi kuwa ba sa riƙe rini sosai.

Na shuka sababbi, na ɗiba bayan awa 20, na shafa siriri, alkohol daƙiƙa 10 kacal, sai ruwa nan take. Yanzu nakan shafa E. coli, wata bakteriyar da dama hoda take fitowa, a gefe don tabbatarwa: ita hoda, su shunayya.