Yadda Ake Haɗa Fitilar LED Mai Kunna Kanta Idan Duhu Ya Yi

Kayan aikin nan ba su da yawa, kuma ana samunsu a rumfar masu sayar da kayan gyaran rediyo: farin ƙwan LED guda, da na'urar gane haske da ake kira LDR, da tiransisto mai lamba BC547, da rezisto biyu masu taƙaita wutar da ke wucewa, waɗanda ake auna girmansu da om, ɗaya na om 330, ɗayan na om 100,000, sai batir mai bolt 9 da allon gwaji mai ramuka. LED shi ke ba da haske, LDR ke gane hasken gari, tiransisto kuwa shi ne makunnin da ke tsakaninsu.

A fara da sanin ƙwan. Nick Holonyak ya samar da LED mai jan haske a kamfanin General Electric na Amurka a 1962, amma shuɗi ya gagari masana sai a farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka cim masa a Japan, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2014. Farin ƙwan da ke hannunka a haƙiƙa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, shi ya sa yake neman kimanin bolt 3, alhali ja yana wadatuwa da kimanin bolt 2. Ƙafarsa mai tsawo tana bin ɓangaren batir mai alamar tarawa, kuma idan aka juya shi ba zai kama ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne LED ba ya iya taƙaita wutar da ke ratsa shi, don haka idan aka jona shi kai tsaye da batirin, zai yi haske sau ɗaya ya ƙone. Shi ya sa ake sa masa rezisto, ga kuma yadda ake gano girmansa: a cire bolt 3 na ƙwan daga 9 na batir, saura 6, a raba da amfiya 0.02, wato yawan wutar da ƙaramin ƙwai ke ɗauka, sai a sami om 300. Ana zaɓar 330 saboda shi ne na kusa da aka fi samu, kuma ya ɗan rage wa ƙwan nauyi.

Riƙe tiransisto, gefensa mai faɗi yana fuskantarka, ƙafafunsa suna ƙasa. Daga alamar tarawa ta batir, a bi ta reziston 330 zuwa doguwar ƙafar LED, gajeriyar kuma ta shiga ƙafar hagu ta tiransisto. Ƙafar dama ta tafi alamar ɗebewa. Ta tsakiya ita ce mai ba da umarni: a haɗa ta da alamar tarawa ta hanyar reziston 100,000, sannan a sa LDR tsakaninta da alamar ɗebewa. Wannan jerin ƙafafu na BC547 ne, a wasu lambobin a juye yake.

Da rana, haske yana sassauta LDR har ya janye wutar ƙafar tsakiya zuwa alamar ɗebewa, tiransisto ya zauna a rufe. Da duhu ya shigo, LDR yana toshewa, ƙarfin wutar ƙafar ya kai wajen bolt 0.7, tiransisto ya buɗe, ƙwan ya kama. Don gwaji, rufe fuskar LDR mai zanen layi a karkace da babban yatsa, za ka ga hasken ya taso.

Idan fitilar tana kamawa tun kafin magariba, a ƙara girman reziston ƙafar tsakiya, wato na 100,000, idan kuma tana jinkiri, a rage shi. Wajibi ne a kawar da fuskar LDR daga hasken ƙwan, ko a zura shi cikin guntun baƙin tiyo, domin idan ya ga hasken fitilar zai ɗauka gari ya waye, sai hasken ya dusashe.