Kiwon kaji a tsakar gida: kurakuran da ke ƙarar da akurki da yadda ake gyara su

A gidaje da yawa kaza ita ce asusun uwargida. Kuɗin Laraba na makarantar allo, kuɗin maganin yaro, baƙon da ya sauka ba shiri, duk akurki ake leƙawa. Amma kusan kowace shekara, da sanyin hunturu ya kama, sai a wayi gari kaji goma sun koma biyu, a ce annoba ce ta ratsa unguwa, haka Allah ya so. Ƙaddara gaskiya ce. Sai dai in kika bi diddigin yawancin asarar, za ki tarar tun makonni kafin kazar farko ta kwanta aka yi kuskuren, kuma da hannun mai kiwon aka yi shi. Shi ya sa neman magani ranar da kaji suka fara mutuwa bai cika tsinana komai ba.

Kazar da aka sayo yau, aka saka cikin 'yan uwanta yau

Wannan ne babban kuskure, kuma shi aka fi rainawa. Maigida ya je kasuwa ya ga zakara mai kyau da araha, ya rataya a babur, ya shigo gida ya kwance masa ƙafa ya sake shi a tsakar gida. Ko kuwa 'yar uwa ta kawo miki kaza tukwici daga ƙauye. Kwana biyar ko shida, sai ki ga wata cikin naki ta koma lungu ta yi tsuru, ta saki fukafukai har suna jan ƙasa, gashinta ya tashi, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar, kashinta ruwa-ruwa kore. Wadda ta ɗan jure kuma wuyanta ya murɗe, tana tafiya tana zagaya wuri ɗaya. Alamomin cutar Newcastle ke nan, wadda ta fi kowace cuta kashe kajin gida a ƙasarmu, kuma ta fi ƙamari daga Nuwamba zuwa Maris.

Ki tambayi kanki dalilin arahar. Mai kiwo da ya ga kajinsa sun fara faɗuwa ba ya zama ya jira. Kwashe sauran yake ya kai kasuwa tun suna tsaye da ƙafarsu. A kejin dillali kuma kajin garuruwa da yawa ke kwana tare. Kazar na iya ɗauke da cutar kusan mako biyu ba ta nuna komai ba.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Duk sabuwar kaza, ta saye ce ko ta kyauta, a ware ta a can wani gefe, nesa da sauran, da kaskon ruwanta da na abincinta daban, na mako biyu, uku ya fi. Ki fara ba tsofaffin kajinki abinci kafin ki je wurin baƙuwar, ki wanke hannu bayan kin taɓa ta. Kazar da aka sayo don miya kuwa a yanka ta nan take, a binne hanji da gashin, kada a watsa su inda naki za su tona. Haka nan kazar da kika aika kasuwa ba a saya ba, ta dawo: ita ma baƙuwa ce yanzu.

Rigakafi bayan cuta ta shigo

Mutane da yawa sun san da rigakafin Newcastle, amma sai sun ji kajin maƙwabta na mutuwa suke aikawa a sayo. Rigakafi ba magani ba ne. Jikin kaza na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya gina garkuwa, kuma wadda ta riga ta kamu ba abin da zai yi mata. Daga nan ne ake samun masu cewa "ai rigakafin ne ya kashe min kaji", alhali cutar tana jikinsu tun kafin a ɗiga.

Lokacinsa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso, sannan a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin wani nau'i mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, shi ya sa ya dace da gidajen da ba firiji. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, ga babba da ƙarami har ɗan tsako. Ki riƙe kazar a gefe, ki ɗiga, ki jira ta ƙifta ɗigon ya shige kafin ki sake ta. In ta girgiza kai ya zube, a sake. Jure zafin nan kuma yana da iyaka. Kwalbar da ta yini a aljihun ɗan aike cikin rana, ko ta kwana a kan shiryayyen shago, kada ki dogara da ita. A saya a wurin da ake ajiye shi cikin sanyi, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a ɗauko shi cikin fulas da ƙanƙara, ko aƙalla a naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle.

In ɗaya nau'in rigakafin mai suna LaSota kika samu, wanda aka saba zubawa a ruwan sha, akwai ƙa'ida. A janye musu ruwa na awa ɗaya ko biyu da safe don ƙishi ya kama su. A haɗa da ruwan rijiya mai tsabta, ban da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, domin yana kashe rigakafin. A zuba a roba, a inuwa, su shanye cikin awa biyu. Abin da ya rage ba a ajiye shi don gobe.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku yi rana ɗaya. Kajin unguwa dama tare suke kiwo. Sannan a rubuta ranar. Ki yanki kwalin taliya, ki ba yara su zana kaza a jiki su yi masa ado yadda suke so, a rubuta ranar da aka yi da ranar da za a sake, a rataye a ƙofar akurki. Yaron da ya zana katin da hannunsa shi zai tuna miki.

Ja da yalo

Da kaza ta yi laushi sai a ɓare kafson ja da yalo a zuba a ruwa, wasu su ƙara barkono ko su jiƙa ɓawon maɗaci. Kafson nan maganin ƙwayoyin bakteriya ne, Newcastle kuwa bairos ce, ba ya taɓa ta. Abin da yawan ba da shi barkatai ke jawowa shi ne ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki, ga ragowarsa a ƙwai da naman da yaranki za su ci. In ma'aikacin dabbobi ya rubuta magani, a cika kwanakin, a kuma karanta a jikin takardar kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko a yanka. Kashin jini a ƙananan kaji wata cuta ce daban, wadda jiƙaƙƙen ƙasan akurki ke haifarwa. Tana da nata maganin, amprolium, kuma ba za ta daina dawowa ba sai wurin ya bushe.

'Yan tsaki a bayan uwarsu tun ranar farko

Kazar Hausa ta ƙyanƙyashe goma, bayan wata biyu a ga uku na bin ta, kuma ba wanda ya yi mamaki, kamar haka abin ya gada. Ba cuta ce ta ci yawancinsu ba. Shirwa ta ɗauki biyu, muzuru ya ɗauki ɗaya, ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya raɓar safe ta jiƙa shi sanyi ya kama shi, sauran kuma yunwa, domin uwar na yawo da su nisan da ƙafarsu ba ta kai ba, in an watsa tsaki kuma manya su rigaye su.

A tsare uwa da 'ya'yanta mako huɗu zuwa shida a ƙarƙashin babban kwando ko ɗan keji mai raga, ana matsar da shi zuwa busasshen wuri kullum. Ruwansu a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki. Ɗan tsako na iya nitsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. In an fara sakinsu, a kifa kwando mai ƙofofin da su kaɗai za su iya shiga, a sa abincinsu a ciki.

Masu sayo 'yan kwana ɗaya, irin su Noiler, ko kuwa Shika Brown wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, su ne uwar, don haka ɗumi na wuyansu. Makon farko ana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan duk mako. Ba sai kina da ma'auni ba. Ki leƙa da dare da tocila: in sun dunƙule wuri ɗaya suna hawan juna suna tsiwa, sanyi suke ji, kuma na ƙasa za su mutu kafin asuba. In sun gudu bango sun buɗe baki, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina sun yi shiru suna barci, daidai ne. Kuskuren da ke kashe su gaba ɗaya a dare guda shi ne a sa kaskon gawayi a toshe kowace kafa da leda don kada sanyi ya shiga. Iskar gawayi guba ce, ga tsako ga mutum. A bari garwashin ya ruru sosai a waje kafin a shigar, a kuma bar kafa ta sama a buɗe. Waɗannan kajin na buƙatar rigakafin wata cutar ƙananan kaji mai suna Gumboro tun suna makonnin farko, ki nemi jadawalin a wurin da kika saye su.

Dusa kaɗai

Dusa na cika ciki, amma ba ta gina jiki ba ta yin ƙwai. Kazar da ke yawo tana samun ƙwari da ciyawa da damina. Da rani ba komai a ƙasa sai ƙura. Wadda aka tsare kuwa, duk abin da ba ki ba ta ba, ba ta samu ba. A haɗa dusar da tsakin masara ko dawa, da abin gina jiki: waken soya da aka soya aka niƙa (ɗanyensa na hana narkewar abinci), ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, garin ƙananan kifi, ganyen zogale. Gara ma abinci ce mai kyau ga 'yan tsaki: a cusa karan dawa da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kifa a bakin shuri da yamma, da safe a zazzage musu. Hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna kada a ce "ai kaji ne". Gubarsa hanta take ci.

In ƙwai na fitowa da laushin ɓawo, ko kaza ta fara fasa ƙwanta tana sha, sinadarin ƙashi ne ya yi mata ƙaranci. A ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙa shi lukui yadda ba za ta gane shi ba. Ruwa kuwa, kaza na shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, fiye da haka a zafin Afrilu. Ruwan wanke-wanke ba ruwan sha ba ne.

Akurkin da ba a iya sharewa

Ƙaramin akurkin laka mai ƙofar da hannu kaɗai ke shiga ba ya sharuwa, sai kashi ya taru, ƙuma da ƙwarƙwata su samu gida a tsagogin bango. Kazar da ta tashi daga kan ƙwai ta ƙi komawa, sau da yawa cizo ne ya kore ta. A yi ƙofa mai faɗi, da kafar iska da aka rufe da raga saboda maciji da ɓera, da sandar da za su hau su kwana. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a riƙa kwashewa ana kai wa shuka. In rufin langa-langa ne a ɗora zana a kai. A liƙe tsagogi, a ajiye musu toka da yashi a wani lungu su yi birgima. Kananzir da wasu ke shafa wa kaza ƙona fata yake. Kaji kuma ba sa kwana ɗaki ɗaya da yara, komai tsoron ɓarawo.

Ƙwai da zakara

A nan kurakuran ƙanana ne. Ƙwan da za a ba kaza ta kwanta a kai kada ya wuce mako guda zuwa kwana goma, kada a wanke shi, kuma kada a tula mata fiye da abin da jikinta zai rufe. Takwas zuwa goma sun ishi ƙaramar kaza. A yi wa kowanne alama da fensir don a gane sabon da wata ta zo ta ƙara. A kwana na bakwai zuwa goma a haska da tocila cikin duhu: mai rai za a ga jijiyoyi, wanda ya fito fayau a cire shi. Na kaza kwana 21 ne, na zabuwa 26 zuwa 28, don haka in za a haɗa su a fara sa na zabuwa da mako guda, in ba haka ba uwar za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar sauran su huce. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, a kuma canza shi duk shekara don kada ya riƙa bin 'ya'yansa, iri ya tsumbure.

Mushe a bola

Kazar da ta mutu ba a jefa ta bola ko bayan katanga, inda kare da kajin maƙwabta za su ja ta. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙona. Wadda ke gargara ma, hanzarin yanka ta don kada ta zama mushe yana da hatsari in ba a san abin da ke damunta ba. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, tana iya kama mutum, kuma a ido ba a bambanta ta da Newcastle. In kaji suka riƙa faɗuwa da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, fuska a kumbure, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A sa leda a hannu a kwashe mushen, a tsare sauran a gida, a sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.