Yadda za ka fara kaɗa jitar bes

Ƙanena, bes ita ce jita mai kaurin murya. Fara da mai tsirkiya 4. Ni dai ban ga amfanin mai 5 ba sai hannunka ya faɗa. Kullum ka saita tsirkiyoyin a kan muryoyin E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya.

Sannan ka kasa kunne ga ƙafar mai ganga, wadda yake buga babbar ganga da ita. Inda ya taka, nan za ka sauke yatsa. A wani biki a unguwar Nima da ke Accra na ga saurayi yana ta zuba gudu a kan tsirkiya, mata suka koma kujerunsu. Kiɗan hailaif na Ghana yana son sarari tsakanin bugu da bugu.

In ka gama, goge tsirkiyoyin da busasshen tsumma. Gumi da iskar tekun Accra sun taɓa sa nawa tsatsa cikin wata biyu.